Jirgin Star Dust: Saura Minti Huɗu Ya Sauka, Ya Ɓace Shekara 51 a Tsaunukan Andes

Kafin tafiyar

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta wayi gari da tarin jiragen yaƙi da matasan matuƙa waɗanda ba su da sauran yaƙin da za su yi. Cikin kamfanonin da suka ɗebi irin waɗannan matasa akwai British South American Airways, da ake taƙaitawa BSAA, mai jigilar fasinja da wasiƙu tsakanin Landan da ƙasashen Kudancin Amurka. Shugabansa Don Bennett ne, tsohon babban hafsan sojan sama wanda ya jagoranci rundunar da ke shiga gaba tana nuna wa jiragen bama-bamai inda za su kai hari a Jamus. Kamfanin ya saba sa wa jiragensa sunayen da suka fara da Star, kuma wanda ake magana a kansa a nan shi ne Star Dust, mai lamba G-AGWH.

Jirgin ƙirar Avro Lancastrian ne, wato jirgin bama-bamai na Lancaster da aka kwance wa makamai aka sa masa kujeru. Injinan Rolls-Royce Merlin huɗu ke gare shi, kuma fasinja 13 kaɗai yake ɗauka. Ba a matse iskar cikinsa kamar yadda ake yi wa jiragen yau, saboda haka idan ya yi sama sosai dole kowa ya sa abin shaƙar iska a hanci. Ba shi da akwatin naɗar bayanai, don a lokacin ba a fara sa shi a jiragen fasinja ba. Abin da ya fi wasu jiragen zamaninsa da shi shi ne iya hawa can ƙololuwa, kuma wannan ne ya sa aka ɗora shi a kan hanyar da ke tsallake tsaunukan Andes.

Tsaunukan nan sun tsaya kamar katanga tsakanin Ajantina da Chile. Mafi tsayinsu, Aconcagua, ya kai mita 6,961, kuma kudu da shi akwai Tupungato mai kimanin mita 6,570, a kan iyakar ƙasashen biyu. Birnin Santiago yana kwance a gindinsu ta yamma. Wanda ya taso daga Buenos Aires sai ya hau sama da duwatsun, ya tabbatar ya wuce su, kafin ya fara gangarowa. Hanyoyi uku ake bi: ta tsakiya wadda ke bi ta kan garin Mendoza, ita ce miƙaƙƙiya, sai ta arewa da ta kudu waɗanda ke da zagaye. Abin lura ga mai karatu a nan shi ne, watan Agusta a wancan ɓangaren duniya tsakiyar hunturu ne, lokacin zubar dusar ƙanƙara a kan duwatsu.

2 ga Agusta 1947

Tafiyar, mai lamba CS 59, ta faro ne daga Landan ranar 29 ga Yuli a wani jirgin daban. Star Dust zangon ƙarshe kawai aka ba shi. Ya tashi daga filin jirgin Morón da ke Buenos Aires da ƙarfe 1:46 na rana, da mutum 11 a ciki: ma'aikata 5, fasinja 6.

Matuƙin, Reginald Cook, ya yi yaƙi a rundunar sojan sama ta Birtaniya har ya samu lambobin yabo. Mataimakansa biyu da mai aikin rediyo su ma tsofaffin sojan sama ne, ma'aikaciyar da ke kula da fasinja kuwa ta yi aiki da sojan ruwa. Cook ya sha tsallake Andes a matsayin mataimaki, amma wannan ne karon farko da yake tsallakewa jirgin na hannunsa. Cikin fasinjojin akwai manzon gwamnatin Birtaniya ɗauke da jakar takardu zuwa ofishin jakadancinsu a Santiago. Akwai wata dattijuwa Bajamushiya mazauniyar Chile da ke komawa da tokar gawar mijinta. Akwai wani Bafalasɗine da ke komawa Chile bayan ya je dubo mahaifiyarsa da ke kan gargara. Sauran ukun ma'aikatan kamfanoni ne da 'yan kasuwa, biyu 'yan Birtaniya, ɗaya ɗan Siwizalan.

Yanayi a kan duwatsun ba shi da kyau: gajimare ya rufe, dusar ƙanƙara na zuba. Jirgin ya bi hanyar tsakiya. Da ƙarfe 5:00 na yamma ya sanar cewa yana wajen Mendoza, a tsayin ƙafa 20,000, yana hawa zuwa ƙafa 24,000, kimanin mita 7,300. Wannan tsayin ya isa ya wuce kowane dutse a yankin. Da 5:33 ya aiko cewa zai isa Santiago da 5:45. Da 5:41 mai rediyon ya sake bugo saƙo da haruffan Morse, wato gajeru da dogayen sautin da ake bugawa ta rediyo, zuwa filin jirgin Los Cerrillos da ke Santiago, yana maimaita lokacin isowa, 5:45, sai ya rufe da wata kalma: STENDEC. Sojan saman Chile da ke karɓar saƙon bai san kalmar ba, ya nemi a maimaita. Aka maimaita masa sau biyu, ita ɗin ce dai. Daga nan ba a sake jin jirgin ba. Babu kiran neman agaji, babu maganar matsalar inji.

Neman farko, Agusta 1947

Ajantina da Chile duka sun fitar da masu nema, ta sama da ta ƙasa, matuƙan kamfanin su ma suka shiga. Bennett da kansa ya zo ya jagoranci neman na kwana 5. An yi ta shawagi a kan kwazazzabai da gangaren duwatsu ana duba ko za a hango ƙarfe, ko alamar gobara, ko wani baƙin tabo a kan farar ƙanƙara. Ba a ga komai ba.

Dabarar neman ba ta wuce ido ba. Mutum ne a cikin jirgi yana leƙen ƙasa ta taga, a lokacin hunturu, a kan duwatsun da sabuwar dusar ƙanƙara ke sauya musu kama cikin dare ɗaya. Saƙon ƙarshe ma bai taimaka ba, domin duk wanda ya ji "saura minti huɗu" zai ɗauka jirgin na bakin Santiago.

Rahoton 1948 da shekarun jita-jita

Masu binciken haɗurran jiragen sama na Birtaniya sun fitar da rahoto a 1948. Tunda ba tarkace ba gawa, sun ce ainihin dalilin haɗarin bai bayyana ba, sai dai ba za a kawar da yiwuwar ƙanƙara ta daskare a jikin jirgin ba. Sun kuma ce bai kamata matuƙin ya bi miƙaƙƙiyar hanya ba, ganin yanayin ranar da kuma cewa wannan ne tsallakewarsa ta farko a matsayin shugaban jirgi.

Inda hujja ta yi ƙaranci, sai baki ya cike gurbin. Wasu suka ce zagon ƙasa aka yi saboda takardun da manzon Birtaniya ke ɗauke da su, a lokacin da dangantaka tsakanin Landan da gwamnatin Juan Perón ta Ajantina ba ta da daɗi. Wasu suka kama labarin lu'ulu'un da aka ce Bafalasɗinen ya ɗinke a cikin rigarsa. Kasancewar Bajamushiya a jirgin ya jawo maganar 'yan Nazi masu gudu zuwa Kudancin Amurka. Daga baya har masu yarda da halittun wata duniya suka karɓi labarin, wata mujallarsu a Sifen ta ari kalmar saƙon ƙarshen ta mayar da ita sunanta. Abin da ya ƙara wa jita-jitar ƙarfi shi ne ɓacewar wasu jiragen kamfanin guda biyu a tekun Atlantika, Star Tiger a Janairun 1948 da Star Ariel a Janairun 1949. Bennett ya bar kamfanin a 1948 bayan saɓani da hukumomi, kuma a 1949 aka haɗe BSAA da BOAC, wani kamfanin jiragen sama na Birtaniya.

Duk waɗannan zantuka babu wanda ya matsar da binciken ko da taku ɗaya. Iyalan mutum 11 suka zauna ba kabari ba bayani, iyayen waɗanda suka ɓace suka rasu ba su ji ƙarshen labari ba.

1998: inji a kan ƙanƙara

A 1998 wasu 'yan Ajantina biyu masu hawan dutse suna kan Tupungato, a tsayin kimanin mita 4,600, sai suka ci karo da injin jirgin sama ɗauke da sunan Rolls-Royce, da murɗaɗɗun ƙarafa, da yagaggun tufafi. Wurin na nesa da Santiago da kimanin kilomita 80 ta gabas, a ɓangaren Ajantina. Ma'ana jirgin bai ma tsallake duwatsun ba.

Tambaya ta farko da ta taso ita ce yadda inji ɗungurungum zai yi shekara 51 a fili ba wanda ya gan shi, alhali ana hawan dutsen. Amsar tana cikin irin ƙasar da aka same shi. A gangaren Tupungato akwai abin da za a kira kogin ƙanƙara: dusar da ke zuba a sama shekara da shekaru tana taruwa, nauyinta na danne ta har ta zama daskararriyar ƙanƙara, sannan dukan tulin ya riƙa silalowa ƙasa a hankali, 'yan mitoci a shekara. Abin da ya faɗa cikinsa a sama, sabuwar dusa ke binne shi, ya yi ta nutsewa yana tafiya tare da ƙanƙarar. Can ƙasa inda ɗumi ya fi yawa, ƙanƙarar na narkewa ta saki abin da ta haɗiye. Injin bai kasance a fili ba duk waɗannan shekarun, fitowarsa ke nan.

2000: abin da tarkacen ya nuna

A farkon 2000 sojojin Ajantina suka hau dutsen da alfadarai, tare da masu bincike. Sun samu farfela, da ƙafafun jirgin, ɗaya tayar ma da iskarta a ciki, da sassan jikin mutane waɗanda sanyi ya adana. Alamomin da ke jikin ƙarafan suka tabbatar Star Dust ne.

Daga nan aikin ya koma na karanta ƙarfe. Tarkacen a tattare yake a ɗan ƙaramin fili. Jirgin da ya fashe a sama yakan watsu a tsawon kilomitoci, don haka maganar bam ta faɗi. Yadda fukafukan farfelar suka lanƙwashe ya nuna injin na juyawa da ƙarfin tafiya ta yau da kullum lokacin da ya bugi dutsen, don haka ba mutuwar inji ba ce. Ƙafafun sauka a naɗe suke, ba a sauke su ba, wanda ke nufin matuƙan ba su shirya saukar gaggawa ba. Idan aka haɗa waɗannan da rashin kiran neman agaji, hoto ɗaya ke fitowa: lafiyayyen jirgi ne, yana hannun matuƙansa, ya shiga cikin dutse ba tare da sun san dutsen na gabansu ba.

Masu binciken sun ɗauka jirgin ya daki wani tsayayyen bango na dusar ƙanƙara kusa da saman kogin ƙanƙarar, ƙarfin bugun ya zaftaro dusar ta rufe shi nan take. Idan haka ne, ko da jiragen nema na 1947 sun bi ta kansa washegari, fari kawai za su gani.

Iskar da ba ta shiga lissafi ba

Saura tambaya mafi nauyi: me ya sa gogaggun matuƙa suka fara gangarowa alhali suna gabas da duwatsun?

Jirgin da ke saman gajimare a 1947, a yankin da ba na'urorin ƙasa masu nuna masa ainihin inda yake, da lissafi yake tafiya. Mai lissafin hanya ya san gudun jirgin a cikin iska, ya san inda hancinsa ya fuskanta, ya san mintin da aka yi ana tafiya. Sai ya ƙara ko ya rage ƙarfin iskar da masu hasashen yanayi suka ba shi, ya ɗiga alƙalami a taswira ya ce ga inda muke. Muddin ana ganin ƙasa, kogi ko gari zai gyara masa kuskure. Idan gajimare ya rufe, lissafin ne kaɗai idonsa, kuma lissafin ya dogara kacokan a kan adadin iskar nan.

A can sama, kusa da tsayin da Star Dust ya hau, akwai wani siririn kogin iska da ke kwarara daga yamma zuwa gabas da gudun da ke iya wuce kilomita 160 a sa'a, kuma ya fi ƙarfi a hunturu. Wani masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Oishi, ya auna irin wannan iska tun shekarun 1920 ta hanyar sakin balan-balan kusa da dutsen Fuji, amma aikinsa bai yaɗu ba. Matuƙan jiragen bama-bamai na Amurka ƙirar B-29 sun gamu da ita a kan Japan a 1944, har ta riƙa ɓata musu saiti. Duk da haka a 1947 ba a gama fahimtarta ba, jiragen fasinja kaɗan ne ke hawa inda take, kuma hasashen yanayin da ake bai wa matuƙa bai iya faɗin ainihin ƙarfinta.

Star Dust yamma ya nufa, iskar kuwa daga yamma take tahowa, gaba da gaba ke nan. Lamarin kamar na mai kwalekwale ne da ke tuƙi yana fuskantar ruwa cikin duhun dare: hannunsa na gaya masa ya yi nisa, ruwan kuma na ta rage masa tafiya, ba ya ganin gaɓa balle ya gane. Allurar gudu a gaban matuƙin za ta nuna daidai, injina za su yi ƙara daidai, agogo zai tafi daidai. Tafiyar da jirgin ke yi a kan ƙasa ce kawai ta ragu, kuma ita ce ba su da abin auna ta.

Ɗan lissafi zai nuna cewa ba a buƙatar wata iska ta ban mamaki. Daga saƙon Mendoza na 5:00 zuwa saƙon ƙarshe na 5:41 minti 41 ne. A ƙaddara iskar ta zarce abin da suka ware mata da kilomita 120 a sa'a. Cikin minti 41 hakan zai ci musu kusan kilomita 82, wato daidai tazarar da ke tsakanin Tupungato da Santiago. Taswirarsu ta ce sun wuce duwatsu, suka sunkuyar da hancin jirgin cikin gajimare. Binciken rundunar sojan saman Ajantina na 2000 ya wanke Cook daga laifi, ya ɗora haɗarin a kan mummunan yanayi.

2002 zuwa yau

An nemi dangin mamatan aka ɗauki samfur don gwajin DNA. Zuwa 2002 an gane gawarwakin 5 daga cikin 'yan Birtaniya 8 da ke jirgin. Mafi yawan jikin jirgin har yanzu yana cikin ƙanƙarar, ana sa ran zai ci gaba da fitowa yayin da take silalowa tana narkewa.

Kalmar STENDEC ba a warware ta ba. Bayani biyu aka fi ambata. Na farko, haruffanta su ne haruffan kalmar Ingilishi DESCENT, mai nufin gangarowa, amma a hargitse, kuma ƙarancin iskar shaƙa a wannan tsayi na iya rikita hannun mai rediyo. Rauninsa shi ne da wuya wanda ya rikice ya maimaita kuskure iri ɗaya sau uku, bayan sauran saƙon ya fita tsaf. Na biyu ya dogara da yadda Morse yake: gajerun sauti ne da dogaye, tazarar da ke tsakaninsu ce ke raba harafi da harafi. Jerin sautin da ke ba da STENDEC shi ne dai zai ba da SCTI AR idan aka matsar da tazarar, SCTI kuwa alamar filin Los Cerrillos ce, AR kuma alamar rufe saƙo.

Hukunci

Neman 1947 ya gaza ne don kayan aikinsa ido ne, abin nema kuma yana ƙarƙashin ƙanƙara. Ba na ganin ƙarin jirage ko ƙarin kwanaki da za su sauya sakamakon. Rahoton 1948 ya yi abin da ya dace da ya tsaya a inda hujjarsa ta tsaya. Waɗanda suka cuci lamarin su ne masu jita-jita, domin sun mayar da dattijuwa mai ɗauke da tokar mijinta da mutumin da ya je sallama da mahaifiyarsa abin zargi, ba tare da ƙwayar shaida ba.

Abin da ya yi aiki abu uku ne da suka haɗu a makare: ƙanƙarar ta saki tarkacen, an samu masu karanta lanƙwasar farfela da yanayin ƙafafun sauka, kuma ilimin iskar sama ya riga ya cika. Da an tsinci injin a 1948, mai yiwuwa a gane jirgin lafiya yake lokacin da ya bugi dutsen, amma da wuya a bayyana dalilin da ya sa yake kilomita 80 baya da inda ya ce yake. Bayanin iskar ya zauna daidai a kan kowace shaida da aka samu, ko da yake ba akwatin bayanai da zai sa masa hannu. A kan STENDEC, bayanin tazarar Morse ya fi kwanta mini, kuma ko wanne ne gaskiya, kalmar ba ta da hannu a haɗarin.

Inda na ga ana gaggawa shi ne wajen ɗaukar cewa wankewar 2000 ta shafe maganar 1948. Tambayoyi biyu ne daban. Cook ba shi da laifin iskar da ba wanda zai iya auna masa ita, wannan gaskiya ne. Amma shiga miƙaƙƙiyar hanya a irin wannan rana na nufin amincewa da cewa za a sauko daga ƙafa 24,000 cikin gajimare, tsakanin duwatsu masu mita 6,000 da ɗoriya, bisa lissafin da ba abin da zai gaskata shi daga ƙasa. Wannan haɗarin sananne ne ko ba a san kogin iska ba. Kuma nauyinsa bai tsaya a kan matashin da aka miƙa wa jirgin ranar ba. Kamfanin da ya ɗauko tarbiyyar yaƙi, inda isa wurin da aka tura ka ke gaba da komai, shi ne ya bar irin wannan shawara a hannun wanda ke tsallake Andes karon farko a kujerar shugaba, a tsakiyar hunturu, da fasinja 6 a bayansa.